A Gyara Ƙarfe Kafin a Shafa Fenti

A ƙasashen Amurka da Ingila akwai wata al'ada wadda ya kamata a ba mutanenmu labarinta, domin a cikinta akwai abin lura ga duk wanda Allah ya hore wa gona ko lambu, ko kuwa ya ɗora masa amanar dukiyar jama'a. Al'adar ita ce, mutum ya je ya nemo tsohuwar ƙaramar motar noma, irin wadda ake aikin lambu da ita, wadda ta shekara hamsin ko fiye, ta yi tsatsa a bayan wani sito har ciyawa ta tsiro ta tsakanin tayoyinta, ya saye ta da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kawo ta gida, ya kwance ta noti bayan noti, ya wanke, ya kankare, ya musanya abin da ya mutu, ya mayar da kowane ƙarfe mazauninsa, sa'an nan ya yi mata fenti da irin launin da ta fito da shi daga masana'anta, har ranar da za ta yi tari ta tashi, ta koma bakin aikin da aka ƙera ta dominsa. Masu wannan aiki kuwa ba duka ne kanikawa ba. Sau da yawa uba ne da ɗansa, ko kaka da jikansa, suke duƙufa a kan inji guda tsawon hunturu, sa'ad da ƙanƙara ta hana fita gona.

Irin waɗannan ƙananan motoci sun yawaita ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mutanen Amurka suka shiga gina gidaje masu yalwar fili a bayan birane. A shekarar 1946 wani mutum mai suna Elmer Pond ya soma harhaɗa su a garin South Bend na jihar Indiyana, kuma daga hannunsa aka sami jajayen nan da ake kira Wheel Horse. Kamfanin International Harvester ya fito da tasa, Cub Cadet, mai launin rawaya da fari, a 1961. Kamfanin John Deere kuma ya biyo baya a 1963 da samfurin 110, mai kore da rawaya, wanda aka sa wa injin Kohler mai silinda ɗaya da ƙarfin doki 7. Tafarki guda aka bi wajen ƙera su duka: ƙarfe mai kauri, inji na zubi mai nauyi, da sassa 'yan kaɗan waɗanda mai sufana da sukudireba da natsuwa zai iya kwancewa ya ɗaura. A Ingila kuwa wadda aka fi ƙauna ita ce 'yar Ferguson mai ruwan toka, samfurin TE20, wadda ta ɗara waɗancan girma, kuma aka ƙera fiye da rabin miliyan nata a birnin Koventiri daga 1946 zuwa 1956. Ya isa shaida a kan ƙarƙonta cewa da guda uku irinta Edmund Hillary ya keta ƙanƙarar Antaktika har ya isa ƙurewar duniya ta kudu ran 4 ga Janairu, 1958.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa abu biyu ne da ba sa rabuwa. Na farko, tayar da tsohon inji mai sauran amfani aiki ne da hankali da addini suka haɗu a kan kyansa, kuma mu muka fi Turawa bukatarsa, tun da su galibi nishaɗi suke nema da shi, mu kuwa abin sawa a bakin salati. Na biyu, wannan aiki bai cancanci a kira shi gyara ba sai an faro shi daga ciki an ƙare a waje, domin fenti shi ne ƙarshen aiki, kuma duk wanda ya mayar da shi farko, to, ko dai ya yaudari kansa ko ya yi nufin yaudarar wani.

Mu dubi tarihinmu da motar noma, za mu ga cewa saye bai taɓa yi mana wuya kamar riƙo ba. Tun zamanin Turawa aka gwada noman inji a Mokwa, aka fara a 1949, masu kuɗin suka janye a 1954. Bayan samun mulkin kai aka yi shirin Ciyar da Ƙasa na 1976, aka yi Juyin Noma na 1980 a zamanin Alhaji Shehu Shagari, aka kafa masana'antar harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano, aka shigo da jajayen Massey Ferguson ba adadi, jihohi da ƙananan hukumomi kuma suka buɗe sassan ba da hayar tarakta. To, yau duk wanda ya bi ta harabar ma'aikatun gona da tsofaffin gandayen gwamnati a Arewa, idonsa zai gane masa inda da yawa daga cikin wannan dukiya ta ƙare: ga su nan jere a ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji suna ƙwai a kan kujerar direba. Abin baƙin ciki kuma shi ne, sau da yawa ɗan ƙaramin ciwo ne ya kwantar da tarakta tun farko, famfon mai ne ya lalace, ko taya guda ta fashe, aka ce a jira a sa hannu a takarda. Kafin takarda ta fito an cire batir, bayan batir aka cire sitata, bayan sitata aka kwashe nozul, har ranar da 'yan gwangwan za su zo su yanka ta su ɗora a sikeli, alhali manomin Kadawa da na Bakolori suna can suna bin layin haya, ruwan shuka yana wuce su.

Malamanmu sun karantar da mu cewa dukiya amana ce, kuma tozarta ta haramun ne kamar yadda almubazzaranci yake haramun, ko da kuwa mai tozartawar shi ne mai ita. A cikin littattafan fiƙihu akwai babi sukutum a kan rayar da mataccen fili, inda shari'a ta girmama wanda ya share ƙasar da aka yi watsi da ita, ya haƙa rijiya, ya dasa itace, har ta ba shi haƙƙi a kanta saboda wahalarsa. Gaskiya ne cewa hukuncin inji ya saɓa wa na fili, domin tsohuwar tarakta tana da mai ita komai daɗewarta a yashe, ba ta halatta ga kowa sai ta hanyar ciniki ko kyauta ko gwanjo na gaskiya. Amma maƙasudin guda ne, wato kada a bar ni'imar Allah ta lalace alhali akwai hannun da zai iya raya ta. Haka kuma malamai sun lissafta sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa ga barinsu a cikin farillan kifaya, kuma a zamanin da abincin miliyoyin mutane ya rataya a kan inji, ban ga yadda za a fitar da kanikanci daga wannan lissafi ba.

Wanda ya yi niyyar wannan aiki a gidansa, lokacinsa shi ne bayan kaka, sa'ad da aka kai amfani rumbu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne ya nemi ɗan allon ƙarfen nan da ke ɗauke da lambar inji, ya kwafe ta, don da ita ake sanin samfuri da shekarar ƙira da irin kayan gyaran da za su dace. Ya ɗauki hoton kowane sashe da wayarsa kafin ya kwance shi, ya tanadi gwangwanaye ya riƙa zuba notunan kowane wuri dabam, da rubutu a jiki. Ya cire batir, ya tsiyaye tsohon mai da baƙin mai, ya kuma tokare motar da ƙafafun ƙarfe ko gumagumai masu ƙwari, kada ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Galibin injin da ya daɗe a kwance za a tarar fistin ɗinsa ya kafe, saboda damshi ya shiga ta salansa ya haɗa zobba da bangon silinda da tsatsa. A nan ake gane mai haƙuri. Gwani yakan cire fulogi, ya ɗura gas gauraye da ɗan mai ta ramin, ya rufe ya tafi harkarsa. Kowace safiya ya dawo ya kama babban notin gaba da doguwar sufana, ya ɗan girgiza dama, ya ɗan girgiza hagu, ba da ƙarfi ba, ya ƙara mai, ya sake tafiya. Har wata safiya ya ji ƙarfen ya saki da kaurin gashi guda, washegari ya ba da rabin taƙi, daga nan kuma ya juya gaba ɗaya yana fitar da baƙin ruwa mai warin tsatsa. Mai gaggawa kuwa, wanda ya ɗaura mata igiya ya sa giya aka fizge ta da wata mota, shi ne yake karya zobba ko ya lanƙwasa sandar fistin, ya mayar da gyaran kwabo ya zama na fam.

Idan inji ya juya, sai a duba bawul da gaskit, a wanke kafireta har kowace 'yar ƙofa ta buɗe, a ɗauraye tanki a fitar da tsatsar cikinsa, a sa sabon fulogi da sababbin wayoyi inda ɓera ya ci. In mai shan gas ce, a kai famfo da nozul wurin masu na'urar gwajinsu, domin wannan ba aikin tsakar gida ba ne, a canja matatun mai, a fitar da iskar da ta shiga bututu. Daga nan a duba kuloci da birki da sitiyari, a zuba sabon man giya, a cika giris a kowace gaɓa. Sa'an nan, kuma wannan shi ne sharaɗin da aka fi tsallakewa, a tayar da ita da tsohuwar fatarta, a ɗaura mata garma, a yi aiki da ita har ta yi zafi sosai, a ajiye ta a kan busasshiyar ƙasa ta kwana, da safe a duƙa a duba inda ta ɗiga. Duk yoyon da ba a toshe ba kafin fenti, zai fito bayan fenti, ya kuma tilasta a sake kwance abin da aka riga aka ƙawata.

Bayan ciki ya inganta ne ake juyowa ga jiki. Wanki yake gaba da kankara, domin wanda ya goga samfefa a kan ƙarfe mai maiƙo tura maiƙon yake yi cikin ƙarfen, fenti kuma ba ya kama wuri mai maiƙo. Idan an wanke da kananzir da ruwan omo an bar shi ya bushe, sai a bi da burushin waya, a bi da samfefa mai kaushi, a sauko zuwa mai laushi, har farin ƙarfe ya bayyana, musamman a ƙarƙashin madigadi da mazaunin batir da gindin tanki, inda laka da ruwan batir suka fi yin ɓarna. Inda tsatsa ta huda, mai walda ya yanke ya sa sabon ƙarfe. Fila amfaninta shafe ƙananan lotsawa ne, ba toshe rami ba. Ƙarfen da aka kankare kuma ba ya kwana tsirara, don raɓar dare ɗaya ta isa ta mayar masa da ja. A ranar za a shafa masa jan fentin ƙasa mai hana tsatsa, in ya bushe a ɗan goge shi, kana a hau launi. Launin kuma siriri-siriri ake fesa shi, hawa biyu ko uku, bakin bindigar yana nesa da ƙarfe kamar taƙi guda, hannu yana tafiya ba tsayawa, ana barin kowane hawa ya sha iska kafin na gaba; hawa guda mai kauri zuba yake yi ya bar hawaye a jikin bonet. Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukunci: ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, damshin damina yana dusashe shi, zafin tsakar ranar bazara kuma yana busar da shi tun bai sauka a kan ƙarfe ba. Saboda haka masana suke zaɓar hantsi na ranar da iska ta kwanta, su yayyafa ruwa a ƙasa, su kewaye wurin da tamfol, su rufe allon lamba da wayoyi da bel da takarda, bayan an gama kuma su ba fentin makonni ya ƙeƙashe kafin mai ya taɓa shi.

Na tsawaita a kan wannan tsari ne domin a gane bambancin gyara da algus. Kasuwanninmu na tsofaffin injuna sun cika da taraktocin da ke walƙiya kamar yau aka sauke su daga jirgi, amma in mai saye ya duƙa zai ga an fesa fenti a kan busasshen giris, a kan laka, a kan wayoyi, har a gefen taya, an kuma zuba mai mai kauri don hayaƙi ya ɓuya na yini guda. Wannan daidai yake da shafa farar ƙasa a bangon da gara ta cinye: tsatsar da aka rufe ba ta daina ci ba, sai ma ta sami inuwa, kafin damina biyu fentin ya kumbura ya ɓare. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ɗalibanmu suke karantawa a zaure, ya bayyana haramcin ha'inci da ɓoye aibi a cikin ciniki, kuma sananne ne yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin hatsi a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya yi wa mai shi faɗa a kan rashin fito da shi sama inda mutane za su gani. Wannan hukunci ya hau kan dillalin da ya sayar wa talaka gawa mai kyan fuska, ya kuma hau kan duk wanda aka ba kwangilar gyaran motocin jama'a ya sayi galan na jan fenti ya karɓi kuɗin inji. Ƙawata abin da aka gyara halal ne, har abin yabo ne, domin fenti garkuwar ƙarfe ne daga ruwa da rana, kuma mutum ya fi tattalin abin da ya ga yana da kyau. Amma mai sayarwa wajibi ne ya faɗi abin da ya canja da abin da ya bari.

Akwai kuma haƙƙin iyali da maƙwabta, wanda bai kamata sha'awar aiki ta rufe wa mutum ido a kansa ba. Yawancin fentin da aka yi wa injuna a da yana ɗauke da dalma. Amurka ba ta hana sa dalma a fentin gidaje ba sai a 1978. Mu kuwa ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan guba, tun da a 2010 mun ga yadda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara. Don haka kada a kankare tsohon fenti a tsakar gida, inda ake girki yara suna rarrafe. A yi shi a keɓantaccen wuri, a riƙa jiƙa samfefa don ƙura ta kwanta, a tattare dattin a binne nesa da rijiya, a kuma sauya tufafi a yi wanka kafin a ɗauki yaro. Mai feshi ya sa takunkumi na gaske mai matatar sinadari, domin ƙyalle a hanci ba ya tare tururin tina, balle na fentin nan da ake gaurayawa da sinadarin ƙarfafawa, wanda yake illata huhu. Kada a zubar da baƙin mai a kwata, kada a ajiye fetur kusa da murhu, kada kuma a tayar da inji a rufaffen ɗaki.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai wahalar ta fi ribar, gara a tara kuɗi a sayi sabuwa. Amsa ita ce, lalle ba kowace tsohuwa ce ta cancanci a tashe ta ba. Wadda gangar injinta ta tsage, ko akwatin giyarta ya farfashe, mafi alherinta a ciri sassanta a raya 'yan uwanta da su. Amma mafi yawansu ba su kai nan ba, kuma kayan gyaransu ba su yanke ba: Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975 da injin Perkins mai silinda uku, har yanzu ana yi mata sababbin kaya, kamfanin Millat na Pakistan kuma yana ci gaba da ƙera danginta, abin da ba a samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ba, sau da yawa maƙeran Panteka ta Kaduna za su fiƙe shi a kan injin sassaƙa ƙarfe. Sabuwar tarakta kuwa kuɗinta ya fi ƙarfin manomin lambu nesa ba kusa ba, kuma da yawa daga cikin na zamani kwamfuta ce take sarrafa su, ba sa karɓar gyara sai da na'urar kamfani. Manoman Amurka da kansu sun koka a kan haka, har jihar Kolorado ta kafa doka a 2023 wadda ta ba manomi ikon samun kayan aiki da bayanan gyaran injinsa, wasunsu kuma suka koma neman taraktocin shekarun 1970 da 1980 saboda suna gyaruwa a gida. Idan manoman ƙasar da ke ƙera sabuwa sun gane cewa da tsohuwar zuma ake magani, ina dalilinmu na kai tamu sikeli? Bayan wannan duka akwai ribar da ba ta shiga lissafin kuɗi, wato ilmin da yake zama a hannun yaron da ya riƙe wa mahaifinsa fitila yana kallon yadda ake saita bawul. Wannan yaro ba zai tsaya a gona ya rasa abin yi ba ranar da inji ya mutu masa.

Saboda haka ina kira ga gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da su sa a ƙidaya duk motocin noma da ke kwance a harabobinsu, a tantance masu tashi da marasa tashi, a yi gwanjonsu a bainar jama'a ga ƙungiyoyin manoma da kanikawa, bisa sharaɗin gyarawa ba yankawa ba, a kuma ba kowace kwalejin koyon sana'a guda ɗaya ɗalibai su kwance su ɗaura da hannunsu. Ina kira ga masu hali da su ɗauki nauyin irin wannan gyara su ba matasan unguwarsu, domin sadaka ce mai gudana muddin garma tana shiga ƙasa. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, in akwai tsohuwar tarakta ko injin ban ruwa ko na huɗa da ke kwance a gidanku ko a gandun mahaifinka, kada ka bari wata damina ta sake sauka a kansa. Ka nemi bakanike mai amana, ku buɗe shi a ranin nan, ku gyara cikinsa da gaskiya, ku gwada shi a gona, sa'an nan ku yi masa fenti. Allah ya sa albarka a cikin abin da hannuwanmu suka raya, ya kuma ba mu damina mai albarka.